Dalilin da Ya Sa Ban Kira Sunanki Ba

Unguwar Television,
Kaduna.

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya a gidan Kawunki Danladi, kin huce gajiyar jirgi, sanyin Boston kuma bai fara shiga ƙashinki ba. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa safa ko da a cikin ɗaki ne. Allah da ya kai ki lafiya ya tsare fitarki da shigarki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, Mamanki ta fi ni iya wannan. Amsa ce nake so in ba ki. A tashar mota, direba yana ɗaure jakarki a saman mota, na ce miki, "To Auta, Allah ya kiyaye hanya." Kika dube ni kika ce, "Baba, yau ma Auta? Ni ban tuna ranar da na ji sunana a bakinka ba. Ko na Yaya Bulus ne kaɗai ya cancanta?" Sai na sake cewa Allah ya kiyaye hanya. Motar ta tashi ba ki ɗago mini hannu ba, kuma ban ga laifinki ba. Kwana uku ke nan maganar tana cina. Ba na so ki zauna a wata ƙasa kina zaton mahaifinki ba ya sonki, don haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Kin san na yi shekara huɗu a ƙaramar seminari, inda ake fara horar da masu son zama fada, wato limamin coci. Mai koya mana Latin wani bature ne da muke kira Fada Dogo. Kowace safiya zai buɗe rajista ya kira sunayenmu, wanda aka kira ya miƙe ya ce "Adsum", wato ga ni nan. In ka yi jinkiri ko ka amsa da Turanci, rula ce a bayan yatsu. Har ya zama kalmar tana fita daga bakinmu kafin kunne ya gama jin sunan. Fada dai ban zama ba, don na hango Mamanki a cikin mawaƙan coci wani hutu, shi ke nan zance ya ƙare. Na fito da rabin Latin da cikakken girman kai. Na samu aiki a masaƙa a Kakuri, ina zuba wa masu gyaran inji kalmomin da ba su tambaye ni ba. A lokacin coci ma ta daina yin Mas, babbar ibadarmu, da Latin, babu mai bukatar kayana, sai na juye shi a kanku.

Kafin a sha koko nakan tsaya a tsakar gida da wani tsohon littafi, in kira rajista. Ku biyu ne kawai ajin nawa, Bulus yana da shekara takwas, ke kina da huɗu. Duk inda kuke, ko a bayan ɗaki ko a bakin famfo, da kun ji muryata sai "Adsum!" Maƙwabta su yi ta dariya, ni kuwa ina ta kumbura.

Kakarki ta zo daga ƙauye ta yi wata guda da mu. A safiya ta uku ta ajiye ludayinta ta ce, "Yakubu, wane irin wasa ne wannan? Yaro yana bayan ɗaki, bai ga fuskarka ba, ya amsa." Na ce, "Mama, tarbiyya ce." Ta ce, "A garinmu ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba. Sai ka fito ka duba tukuna. Ba duk mai kiran suna ne mutum ba." Na yi dariya na ce mu Kiristoci ne, mun bar camfi. Ta ce, "Ni aka yi wa baftisma tun ba a haife ka ba." Ta ɗauki ludayinta, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Za ki yi karatu a can har ki wuce ni nesa, kuma ina so ki wuce ni. Amma duk ranar da tsohuwar da ba ta iya rubuta sunanta ba ta ce miki kul, kada ki yi dariya tukuna. Ki tambaye ta abin da ta gani. Ni ban tambaya ba, ta mutu da amsarta.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula karo na farko, kowa a Kaduna kansa ya yi sauƙi. Masaƙu suna aiki ba tsayawa, mutum yana jin duniya ta buɗe. Kawunki yana karatu a Boston, ya rubuto ya ce mu zo mu ga gari. Na ɗauki hutu, na sa aka ɗinka mini kwat mai nauyi, muka tafi mu huɗu. Hotunan suna nan a ƙasan akwatin Mamanki, ba a taɓa nuna miki su ba, yanzu za ki gane dalili.

Kwanakin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Akwai wani jan layi da aka ja a gefen titi, baƙi suna binsa daga tsohon gini zuwa tsohon gini, muka bi shi kamar tumaki. Mun shiga kwalekwale mai siffar agwagwa a wani tafki, kika ƙi sauka sai da aka ɗauke ki kina harbi. Mun hau wani bene na gilashi, kika yi amai a cikin lif a kan takalmin wani bature, shi ne ma ya ba mu haƙuri. Mamanki da kwalbar yajinta a jaka, duk abin da aka ba ta sai ta barbaɗa, har burodi. Bulus kuwa jirgin ruwa ne ya tafi da hankalinsa, ya ce shi direbansa zai zama. Ni aikina ɗaya, duk ginin da na ga an rubuta Latin a goshinsa sai na tsayar da ku na karanta da ƙarfi. Rabi na sani, rabi na ƙirƙira, babu wanda zai kama ni.

A rana ta biyar, da azahar, layin ya kai mu wata tsohuwar maƙabarta a tsakiyar gari, benaye sun kewaye ta. Mutanen can shiga suke yi suna ɗaukar hoto, wasu ma suna cin abinci a gefen kaburbura. Mamanki ta ja ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Bulus, hutu muka zo ko ta'aziyya?" Na ce tarihi ne, ta daina ƙauyanci. Kawunki ya sayo muku askirim, ya zauna a waje yana canza fim a kyamara. Muka shiga, Mamanki tana riƙe da hannunki.

Can ciki na ga wani faffaɗan dutse a kwance, ruwan sama ya cinye yawancin rubutunsa. Kalmomi uku na farko ne suka rage, kuma Latin ne: Hic jacet Paulus. Wato, a nan Bulus yake kwance. Da mai hankali ne da ya ja ɗansa ya wuce. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni, don ga wasu turawa uku kusa da mu, ina so su ji cewa baƙin mutum daga Kaduna ya san abin da ba su sani ba. Na ce, "Bulus, zo ka ga takwaranka." Ya zo ya tsaya a damana yana lasar askirim.

A nan sai na yi miki ɗan darasi, don a kansa komai ya rataya. A Latin, in kana ba da labarin mutum ne sai ka ce Paulus. In kuwa kiransa kake yi, ƙarshen sunan yakan canza, sai ka ce Paule. Wanda ya sassaƙa dutsen nan ya san aikinsa, labari ya bayar, bai kira kowa ba. Ni ne na ɗaga murya na ce, "Kun gani, nan an rubuta Paulus. Amma da kiransa za mu yi, sai mu ce," na juya na fuskanci dutsen, na buɗe murya irin ta Fada Dogo, "Paule!"

Aka amsa. "Adsum."

Muryar Bulus ce. A lokacin ya yi giɓi, haƙoransa biyu na gaba sun fita, kalmar takan fito da 'yar iska a tsakiya, kuma haka ta fito. Amma ba daga damana ta zo ba. Daga gabana ta zo, daga ƙasa, a dushe kamar an yi magana a cikin randa. Na waiwaya. Bulus yana tsaye bakinsa cike da askirim, kumatunsa a kumbure, ya zaro ido yana kallona. Ya haɗiye da ƙyar ya ce, "Baba, ba ni ba ne." Ke kuwa kika saki hannun Mamanki kina tafi kina dariya, kina nuna dutsen, kika ce, "Yaya ya ɓuya a ƙasa!"

Rana tana sama, motoci suna wucewa a bayan katanga, turawan nan ko waiwayowa ba su yi ba. Mamanki ta sure ki ta yi hanyar ƙofa. Na kama hannun Bulus, na ji shi sanyi ƙalau. Na ce wa kaina askirim ne.

Kuskure na biyu ke nan. In kin iya abu, ki bar shi a aljihu sai an bukace shi. Turawan da na yi wa wasan ko sunansu ban sani ba, kuma na tabbata kafin yamma sun manta da ni. Sannan ki girmama inda matattu suke kwance, ko na wace ƙabila ne. Ba ki san da wane harshe suke ji ba.

Na uku ya fi muni, don shi da gangan na yi. Da muka koma masauki na ce amsa-kuwwa ce, benaye ne suka dawo da murya. Mamanki ta ce, "Amsa-kuwwa abin da ka faɗa take maimaitawa. Kai suna ka kira." Na daka mata tsawa a gaban ƙaninta, na ce duk wanda ya ƙara tayar da zancen zai gamu da ni. Ta roƙe ni mu nemi fada a can ya yi wa yaron addu'a. Na ƙi, don ina jin kunyar a ce tsohon ɗan seminari yana tsoron dutse. Da muka dawo Kaduna ta ce mu je ƙauye mu gaya wa Kakarki. Nan ma na ƙi, don ba na so in ji ta ce ai ta faɗa.

Har rajistata na ci gaba da kira, don in nuna babu abin da ya faru. Safiyar farko na tsaya a tsakar gida na ce, "Paule!" Shiru. Bulus yana zaune a kan turmi a gabana yana ɗaure takalmin makaranta. Na sake kira. Ya ɗago ya ce, "Baba, ai na riga na amsa." Ba da rashin kunya ya faɗa ba, a hankali ya faɗa, kamar mai tuna mini abin da na manta. Na mare shi. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko wurin ikirarin zunubi a gaban fada. Daga ranar littafin rajistar bai ƙara fitowa ba.

Wata huɗu ya yi lafiyarsa ƙalau, sai dai ya rage wasa. Wani lokaci yana cikin cin abinci sai ya tsaya ya karkatar da kai, kamar mai sauraron wani abu a waje. In na tambaye shi ya ce ba komai. Da zafi ya shigo sai zazzaɓi ya kama shi, wuyansa ya sandare. Likita ya ce sanƙarau ne. Ke ma aikin jinya kika tafi karantawa, za ki ce mini sanƙarau yana kashe yaran da ba su taɓa taka Amurka ba, kuma a shekarar ya ɗauki wasu a unguwarmu. Na sani. Na gaya wa kaina haka sau dubu, wasu ranakun har nakan yarda. Abin da ya hana ni sakewa shi ne rana ta uku a asibiti. Da tsakar rana ne, ina zaune a gefen gadonsa, Mamanki ta fita ɗebo ruwa. Kwana biyu bai yi magana ba. Sai ya buɗe ido, ya juya wuyan nan da ba ya juyuwa ya dubi ƙofa, ya ce, "Baba, ka ji?" Na ce ban ji komai ba. Ya yi ɗan murmushi, ya ce a fili, "Adsum." Babu kowa a ƙofar. Kafin Mamanki ta dawo da ruwan ya tafi.

In kin yi kuskure, Auta, ki faɗe shi da wuri, tun yana ƙarami, ga wanda zai iya taya ki ɗauka. Ban ce addu'ar fada ko maganar Kakarki za su hana abin da Allah ya rubuta ba. Amma da na je, da yau ina da abin da zan ce na yi. Mamanki ta yafe mini tun tuni, ita ce ma ta ce in rubuto miki. Ni ne ban gama da kaina ba.

Yanzu ga amsarki. Bayan mun binne shi da sati biyu, ina zaune a ƙofar ɗaki, na hango ki kina wasa kusa da rijiya. Na buɗe baki zan kira ki, sai darasin Fada Dogo ya faɗo mini. Sunan Bulus yana da fuska biyu, ta labari da ta kira, mutum zai iya ambatonsa ba tare da ya kira shi ba. Naki kuwa irin sunayen da ba sa canzawa ne. Faɗarsa da kiransa duk ɗaya ne. Ko hira nake yi da wani na ambace ki, to na kira ki ke nan, kuma ni da kaina na koya miki ki amsa kafin ki waiwaya. Muryata ce ta yi kira a maƙabartar nan. Ban san me ya ji ta ba, ban kuma san ko har yanzu yana saurare ba. Sai na ce, "Auta, taso daga nan." Kika taso. Daga ranar na kulle sunanki a bakina.

Shi ya sa kike jin ina cewa Bulus, Bulus a cikin hira, ke kuwa sai Auta. Nasa ba abin da ya rage da zan kare. Ranar da kika karɓi tarayya mai tsarki ta farko a coci, da ranar da kika gama sakandare aka kira ki kika fito gaba da kyautarki, ina bayan jama'a ina motsa leɓe, sauti ba ya fita. Na ga yadda kike kallon sauran iyaye suna ƙwala wa 'ya'yansu kira. Na ga ranar da kika daina tsammani, kina aji biyu. Na zaci kare ki nake yi, ashe kullum ɗan yankanki nake yi kaɗan kaɗan. Wannan ne kuskuren da ya fi tsawo, shekara ashirin. Tsoro ne, 'yata, ba rashin so ba. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda nake sonki ba, kuma na ji kunya da sai a takarda na iya faɗa. In Allah ya ba ki miji da 'ya'ya, ki kira su da sunansu kullum, kina kallon fuskarsu, kada ki bar su suna kirdado kamar yadda na bar ki.

Ga shi sojoji sun sake komawa bariki, gari ya sake yin sauƙin kai irin na wancan lokaci, kuma cikin duk biranen duniya Boston ce ta ba ki gurbin karatu. Ranar da takardar ta zo kowa yana guɗa, ni na shiga ɗaki na zauna. Ban hana ki ba, don na riga na hana ki abu da yawa. Ki je ki hau kwalekwalen agwagwarki, ki hau benen gilashi, ki ba lif haƙuri a madadinmu. Amma in jan layin ya kai ki ƙofar maƙabartar nan, ki tsallaka titi. Kawunki ya san wurin.

Jiya da la'asar Mamanki ta tafi taron zumuntar mata, gida ya rage ni kaɗai. Na je na tsaya a ƙofar ɗakinki. Gadon a gyare, tsohon takalminki ɗaya a ƙarƙashin kujera. Na daɗe a tsaye, sannan na kira sunanki da ƙarfi, karo na farko tun kina 'yar shekara huɗu. Na saurara. Babu abin da ya amsa, sai kazar maƙwabta a bayan katanga. Na durƙusa a wurin na gode wa Allah ina kuka, don shirun nan ya gaya mini kina can da ranki, inda muryata ba ta kaiwa. Ɗakin da ke kusa da naki shi ne na Bulus a da. Na wuce shi ban ce komai ba. Ba ni da tabbacin zai yi shiru.

Saura roƙo ɗaya. Kin san hawan jinin nan bai bar ni ba, kuma likita ya daina yi mini wasa. Karatunki shekara huɗu ne, ban san ko zan kai ba. In kin dawo kin same ni, zan tsaya a tasha in ƙwala miki kira har 'yan kamasho su waiwayo, ke kuma ki amsa da duk harshen da kika ga dama. Amma in wata rana kina tafiya a titin birnin nan, ko kina tsaye a ɗakin marasa lafiya, kika ji muryata ta kira sunanki daga baya, ki waiwaya tukuna. In ba ki ga fuskata ba, kada ki amsa. Na san kin yi shekara ashirin kina jiran wannan kira, na san bakinki zai so ya riga ki, don ni na koya masa. Ki cije leɓenki. Ko ni ne da gaske, ki bar ni in wuce ni kaɗai. Ɗaya ya riga ya bi muryata, ya isa.

Allah ya tsare ki daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani. Ya sa mala'ikunsa gabanki da bayanki, ya ba ki abokai nagari, ya buɗe miki karatu, ya dawo mana da ke da ƙafafunki. Ki gaishe da Kawunki da iyalinsa. Wannan kuwa da alƙalami na rubuta shi, ba da murya ba, don haka ki amsa shi da takarda:

Marta. Marta 'yata.

Ni ne mahaifinki,
Yakubu.